Iro Mai Walda da Bohol ɗin Layinmu

Mijin ƙanwata ne, saboda haka duk mai shirin ce min in rufa masa asiri ya makara. Shekara ashirin da biyu ina rufawa. Sunansa na yanka Ibrahim, amma ban taɓa jin wanda ya kira shi da shi ba, Iro mai walda kowa ya sani. In kana bin hanya tsakanin Herwagana da Tumfure ka taɓa cin karo da wani siririn mutum a kan tsohon mashin, idanu jajur kamar gauta, ya rataya ɗan jan inji a kafaɗa kamar jakar zuwa biki, to shi ne. Kuma shi ne dalilin da ya sa gida goma sha huɗu a layinmu muke wanka da rabin bokiti tun shigowar bazara.

Ni sunana Batul, a layi kuma Maman Bilkis ake kirana. Matarsa A'i ita ke bi na, ni na goya ta, shi ya sa daga ita har shi Adda suke ce min, wato yaya. Addar a baki kawai take, ban taɓa ganin ranar da maganata ta shiga kunnensa ta kwana ba.

Ubansa mutumin wajen Katsina ne, fataucin goro ya kawo shi Gombe ya zauna. Mutumin kirki, Allah ya jiƙansa. Ya sa Iro a firamare, Iro ya gudu a aji huɗu. Ya zaunar da shi a shago, ya bar huhun goro a buɗe ya bushe. Daga ƙarshe tsohon ya kama hannunsa ya damƙa wa wani mai walda a bakin titi, ya ce ko ƙarfe zai iya abin da shi ya kasa. A rumfar nan Iro ya yi shekara tara, kuma abin da ya ɗauko a can shi yake kai har yau, bai ƙara ba bai rage ba.

Injin maigidan nasa irin na da ne, wanda ake naɗawa da hannu a tsoma cikin tankin baƙin mai, sai ƙarti huɗu ke ɗaga shi. Ga wanda bai sani ba, wayoyi biyu ke fita daga bakin injin walda. Ɗaya ita ke riƙe tsinken walda. Ɗayar tana da baki kamar filaya, ana maƙala ta a jikin ƙarfen da ake aiki a kai, at suke ce mata. Wuta ta fita ta waccan, ta ratsa ƙarfen, ta koma inji ta wannan. Ni da ban taɓa riƙe tsinken walda ba na gane wannan. To a rumfarsu babu wayar at. Guntayen rodi suke jerawa a ƙasa, wannan ya hau kan wancan, tun daga inji har wurin aiki, in wani ya goce a sa ƙafa a tura shi. Sai a ƙyasta tsinke a jikin ƙarfe. Ya yi tartsatsi? A ci gaba. Ilimin Iro game da wuta kaf ɗinsa ke nan, kuma na ji shi daga bakinsa ya fi sau ɗari: in ta yi tartsatsi ta yi. Ta ina wutar ta bi kafin ta yi tartsatsin, me ta taka a hanya, wannan ba shi a lissafinsa.

Ba zan zalunce shi ba, yana da hannu. Ƙofar gidana shi ya haɗa ta shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Yara sun yi lilo a kanta, motar yashi ta taɓa goga ta, ko tsagewa ba ta yi ba. Ɗinkin ƙarfensa a jere kamar kitso. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan, don da bai iya komai ba da tuni jama'a sun huta da shi.

Garkuwar fuska kuwa cewa yake ta masu koyo ce. Baƙin tabarau na 'yan gayu yake sawa, wani lokaci ma runtse ido kawai yake yi. Tun tana amarya A'i ta koyi ɗiga masa madarar gwangwani a ido in ya dawo yana hawaye yana cewa an zuba masa yashi. Na ce ya je a duba idon a asibiti, ya ce maigidansa da madara ya tsufa. Na tuna masa cewa maigidan nasa da sanda aka riƙa jan shi kafin ya rasu. Ya ce wannan kuma asiri aka yi masa.

Ya buɗe tasa rumfar a Herwagana, ya yi shekaru yana ƙofofi da tagogi, har aka zo faɗaɗa titi rumfar ta tafi. Sai ya sayar wa 'yan gwangwan tsohon injin, ya sayi irin ƙananan nan na zamani da ake ratayawa, ya koma bin gidaje da sababbin gine-gine a kan mashin. Shekara uku ke nan. Ranar da ya sayo shi har gidana ya kawo shi cikin kwali, wai in sa albarka. Gaskiyar magana takardar da ke ciki ce ta kawo shi, da Turanci take, ni kuma na gama sakandare.

Na zauna na karanta masa tas, ina fassarawa. A ajiye inji a busasshen wuri inda iska ke ratsa shi. A tabbata a kashe yake kafin a haɗa kowace waya. A murɗa wayoyin nan biyu a bakinsa har su kama gam. A sa fulogi mai ƙafa uku a soket mai ƙarfin ɗaukarsa, kuma kada a taɓa koriyar waya, don ita ke janye wuta zuwa ƙasa in jikin inji ya ɗauka. In za a ƙara tsawo a sa waya mai kauri, a warware ta duka. Sai wanda suka ja wa layi: a maƙala at a jikin ƙarfen da ake yi wa walda, kusa da wurin aikin, bayan an kankare fenti da tsatsa.

Yana saurare yana sakace. Da na gama ya ce ai Bature ne ya rubuta, garinsu ƙanƙara ake yi, wutarsu daban da tamu. Na ce ɗan Caina ne ya rubuta. Ya ce to kin ji ma.

A nan tsakar gidana, ina kallo, fulogin ya ƙi shiga soket ɗina, ya zaro filaya ya datse shi. Ya fere wayoyi biyu ya cusa a ramuka ya toshe da tsinken ashana. Koriyar ya gutsure ta ya yar, wai wutsiya ce. Bai tsaya nan ba. Ya yanke fiye da rabin wayar at ya ƙara wa ta tsinke, don ya riƙa hawa sama da ita, ya bar at ɗin ba ta fi taku biyu ba. Sabon inji, ko awa ɗaya bai yi da fita daga kwali ba.

Daga nan labarinsa ya fara zuwa min a bakin mutane. A GRA ya ƙona mitar wani gida. A Herwagana ya kashe firjin wata mai sayar da ƙanƙara, Christy. Kowane karo amsarsa ɗaya ce, nefa ce ta kawo mai ƙarfi. Masu kiransa suka yi ta raguwa.

Yanzu in zo kan bohol. Gefenmu na Tumfure sabon wuri ne, gidaje ne a tsakiyar gonakin masara, ruwan famfo bai iso mu ba. Shekara tara muna hannun 'yan ga-ruwa, su ma sai sun ga dama suke turo kura har nan, don hanyar yashi ce. Ni da maƙwabciyata Jacinta, malamar firamare, muka yi ta bin gida gida har aka haɗa ƙarfi, masu zuwa masallaci da masu zuwa coci, aka haƙa bohol a filin da ke jikin katangata. Wani mai aikin wuta, George, shi ya zura mana sumo, wato injin da ke can gindin rijiya yana turo ruwa sama. Aka kafa tanki a kan ƙafafun ƙarfe kamar taku goma daga bakin rijiyar, George ya ɗaura akwatin kunna sumo a jikin ƙafa ɗaya, ya sa babban soket a gefe. Makullin akwatin aka ba ni, ni ke kunnawa safe da la'asar. Shekara biyu ba mu san ƙishi ba. Har lambun alayyahu mata suka yi a inda ruwa ke gangarawa.

Da aka shiga bazarar bana ɓarayi suka kwashe akwatin bohol ɗin layin bayanmu da wayoyinsa. Muka ce a yi wa namu keji na ƙarfe kafin su waiwayo mu. Ko kwana biyu ba a yi da maganar ba sai ga A'i. Ta zauna a tabarma tana ta zagaye-zagaye, ta yi maganar zafi, ta yi maganar tsadar gawayi, sannan ta ce Iro mako uku ke nan ba wanda ya kira shi, yana gida yana huce haushi a kan kowa. Ta ce in sa baki a ba shi kejin. Na lissafa mata mita, na lissafa mata firji. Ta ce ai a can ba ni nan, ni kaɗai yake shakka, in ina tsaye a kansa ba zai yi ganganci ba.

Jacinta ba ta so ba. Ta ce, “Maman Bilkis, wannan surukin naki fa ko rediyona ba zan bari ya matsa kusa da shi ba.” Na ce ƙarfensa ba ya karyewa, wutar kuma ni zan tsare. Na ce a gaban mata shida, in wani abu ya sami sumo a kama ni.

Na kira George a waya. Yana Billiri wurin jana'iza, ya ce in jira shi zuwa Litinin ya zo ya cire wayoyin sumo daga akwati kafin kowa ya kunna walda a wurin. In kuma ba zan jira ba, in kashe akwatin, kada idona ya bar at ɗin mutumin. Ban jira ba. Tsoron ɓarayi ya hana, Iro kuma ya ce Asabar kaɗai yake da sarari, mutumin da ya yi mako uku yana kwance. Wannan laifina ne, na ɗauka, ba sai wani ya tuna min ba.

Asabar da hantsi ya iso, ya ɗauro rodi a bayan mashin, injin a kafaɗa. An yi sa'a akwai wuta. Tun kafin ya gama gaisuwa na miƙa masa sabon fulogi mai ƙafa uku da na sayo. Ya juya shi a hannu ya ce na mene ne, yana da ashana. Na ce ashanar ya kai wa A'i ta hura gawayi. Na tsaya a kansa ya fere wayar baya har ya iske inda koriyar ta tsaya, ya ɗaura duka ukun. Yana ɗaurawa yana ƙunƙuni, ya ce, “Adda, aiki kika kira ni ko makarantar koyon walda kika buɗe?”

Na ce, “Da na buɗe da ba ka ci jarrabawar shiga ba.”

Ya dire injin a gindin famfuna, inda ƙasa ke jiƙe kullum, wai wurin ya fi sanyi. Na sa ya ɗauke, na kawo busasshen katako na ajiye kusa da ƙafar tanki. Ya fito da wata siririyar waya ta ƙari a nannaɗe, duk salatef, na ce ya mai da ita jaka, ga soket nan a gabansa. Na kashe akwatin sumo da hannuna, amma dole na bar shi a buɗe don ya auna yadda murfin zai riƙa buɗuwa cikin keji.

Sai maganar at. Ƙafafun tankin mun yi musu fenti mai kauri bara. Ya maƙala a kan fentin, ya ƙyasta, shiru. Ya fara waige-waige yana neman wani ƙarfe tsirara. Na miƙa masa sanfefa, takardar nan mai kaushi ta goge ƙarfe. Ya kalle ni, na kalle shi. Ya durƙusa ya kankare wuri kamar tafin hannu, ya maƙala a nan, ƙasa kaɗan da inda zai yi aiki, sannan ya kunna inji. Wuta ta kama lafiya lau. Na ɗauko kujera da laima na zauna, na ba hasken baya, ina waiwayen at ɗin kamar mai gadin tukunya.

Awa biyu aiki na tafiya. Da rana ta take sai ɗan injin ya fara gajiya. Wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kunnu a goshinsa ya tsaya cak. Takardar ta faɗi wannan ma, in ya yi zafi a bar shi ya huce da kansa. Iro ya yi ta zaginsa, wai tsohon injinsa wuni yake bai taɓa neman hutu ba. Ya huce, ya yi minti biyar, ya sake tsayawa. Aka kira Azahar. Na ce ya kashe ya je masallaci, in mun dawo rana ta ɗan karkata sai a ƙarasa. Ya ce to. Da kunnena na ji ya ce to.

Ina raka'a ta uku na ji ƙarar walda.

Na sallame na fito ko takalmi ban sa daidai ba. Injin ba ya kan katako. Ya ɗauke shi ya kai inuwar bishiyar maina, wato dogon yaro, can bakin rijiya, ya jawo masa wuta da siririyar wayar nan da na hana. Guntuwar at ɗinsa ba za ta kai ƙafar tanki daga can ba, sai ya maƙala ta a murfin ƙarfen da ya rufe bakin bohol, don shi ba fenti a jikinsa. Shi kuma yana can jikin tanki da doguwar wayarsa yana ta aiki. Iska ta kawo min ƙaurin roba.

Na ce, “Iro, ina at ɗinka?”

Bai ko ɗago ba, ya nuna da haɓa. “Ga ta can, Adda. Ta kama. Ba ki ga tartsatsi ba?”

“Ta ina wutar ke komawa?”

“Ta ƙasa mana. Duk ƙarfen duniya a haɗe yake ta ƙasa.”

Na kashe soket na fizge fulogin. Na je bakin rijiya. Daga ɗan ramin da wayar sumo ke sauka wani siririn hayaƙi na fitowa a hankali. Na nuna masa. Ya zo ya leƙa, ya shinshina, ya ce tururi ne, rana ce ta dafa ruwan. Na ce ruwan da ke can ƙasa inda ko guga ba ya kai wa, shi rana ta dafa? Na ce kada wanda ya taɓa komai sai George ya zo.

Sunan George ɗin nan shi ya harzuƙa shi. Ya ce shi da ya shekara talatin yana wasa da wuta za a jira wa mai ɗaura ƙwan lantarki? Ya ce bari ya nuna min lafiyar sumo ƙalau. Yana faɗa yana tafiya. Na ce kada ka taɓa. Akwatin a buɗe yake, ya riga ni isa, ya ɗaga makunni ya danna.

Ƙara ɗaya muka ji, fas, kamar an fasa leda. Baƙin hayaƙi ya fito daga akwatin. Na saurari bututu ko zan ji motsin ruwa. Ba komai.

Ya ce nefa ce.

Abin mamaki, bai tafi ba. Ya mai da injin kan katako, ya maƙala at a wurin da ya kankare da safe, ya ƙarasa kejinsa tsaf, ya sa masa ƙyaure da wurin kwaɗo. Da la'asar mata suka fara zuwa da bokitai, abin da ya rage a tanki ya ƙare a kan mutum na tara. Jacinta ta dubi akwatin da ya yi baƙi, ta dubi Iro yana ɗaure kayansa, ta dube ni. Ta ɗauki bokitinta ta juya. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Ranar Litinin George ya zo da mutum uku suka yi ta jan sumo har ya fito. Na aika a kira Iro, na ce in bai zo ba ni zan je har gidansa in yi maganar a ƙofa. Ya zo. Wayar sumo tun daga sama har ƙasa ta narke ta manne da juna kamar alewar da aka manta a rana. George ya shimfiɗa ta a ƙasa ya yi mana bayani, kowa na ji. Bututun ruwan duk na roba ne, ba ya ɗaukar wuta. Tsakanin murfin rijiya da ƙafar tanki ƙarfe biyu ne kawai ke haɗe: igiyar ƙarfen da aka rataye sumo da ita a jikin murfin, da 'yar koriyar wayar da ta taso daga jikin sumo zuwa akwati. Saboda haka duk wutar waldar nan sai da ta bi ta akwati, ta gangara cikin 'yar wayar da ba ta kai kaurin tsinken tsintsiya biyu ba har gindin rijiya, ta ratsa jikin sumo, ta hauro ta igiya zuwa murfi. Ya ce da an tsaya a nan da waya kawai za a canja. Kunnawar da aka yi ita ta ƙarasa sumo.

Ya juya ya ce, “Oga Iro, na ga masu walda da yawa, amma kai kaɗai na sani da ya yi aiki a sama ya dafa abu a ƙarƙashin ƙasa.”

Iro ya ce dama sumon ya tsufa, ruwa ya shige shi. George ya ce ai a cikin ruwa yake kwana, aikinsa ke nan. Mata suka yi dariyar da ba ta daɗi ba.

Ni ban yi dariya ba. Na ce masa, a gaban kowa, “Na karanta maka takarda ka ce ta Bature ce. Na sayo maka fulogi, na ba ka katako, na ba ka sanfefa, kamar mai shirya yaro zuwa makaranta. Raka'a huɗu kawai na nema a wurinka. Shekara talatin kana sana'a ba ka taɓa tambayar kanka ina wuta ke bi ba, don kullum gidan wani take ƙonawa.”

Ya sunkuyar da kai, na ɗauka abin ya shige shi. Sai ya ɗaga kai ya ce, “To amma kejin fa? Akwai wanda ya duba kejin? A kawo guduma a gwada.”

Kejin na nan, jama'a. Kyakkyawa. Ba ɓarawon da zai iya fasa shi. Yana gadin ƙonannen akwati.

Washegari na kai wa Jacinta makulli, na ce na yi alkawari a kama ni, ga ni. Ta ce in riƙe abina, me za ta buɗe da shi? Maza sun zauna a kan maganar sabon sumo, aka tashi a kan sai bayan kaka, don yanzu kowa hankalinsa na kan taki da iri. Ni na ce zan sayar da keken ɗinkina, George ya ce kuɗinsa ko waya ba zai saya ba. Mun koma jiran 'yan ga-ruwa, su kuma sun gane ba mu da zaɓi, sai sun gama da bakin titi suke tunawa da mu. Alayyahun ya bushe a mako ɗaya. Ba wanda ya daina gaishe ni a layin, amma ba wadda ke tsayawa hira a ƙofata kamar da.

Iro na nan yana yawo da injinsa. Na ji an ce wani mai sabon gini ya ba shi aikin tagogi. Duk wanda zai kira shi, ko wani irinsa, don ba shi kaɗai ba ne a garin nan, kada ya tsaya kallon tartsatsi. Ya bi waya ta biyu da ido ya ga inda aka maƙala ta. In ba a jikin abin da ake yi wa walda take ba, ya kashe soket. Kuma kada ya tafi salla sai ya tafi da fulogin a aljihu.

A'i ba ta sake shiga gidana ba tun ranar. Amma kullum da safe keke napep na tsayawa a bakin layi, ta sauko da jarka biyu da ta ɗebo a rijiyar gidan hayarsu, tun daga Herwagana. Ɗaya ta kai wa Uwa, tsohuwar da ke ƙarshen layi wadda ba ta da mai ɗebo mata, ɗayar ta kai gidan wata mai jego. Ko mijinta ya sani ko bai sani ba, ban tambaya ba. Jarka biyu a gida goma sha huɗu.

Jiya na tare ta tana kokawar sauke su. Na ce ta daina wahalar da kanta, ba ita ta ƙona sumo ba. Ba ta kalle ni ba, ta ce, “Ni na roƙe ki, Adda.”

Na kama hannun jarka ɗaya, ta kama ɗayar, muka bi cikin yashi zuwa gidan Uwa.